Hattara da masu sayar da tsohon boris a cikin sabon kwali

'Yan'uwa masu mota da direbobi, akwai wata cuta da ake yi a harkar boris ɗin taya, kuma da rayukan mutane ake wasa. Wasu marasa tsoron Allah suna bin gareji suna tsinto boris ɗin da aka cire aka jefar. Sai su wanke shi da fetur, su ɓanɓare robar da ta rufe shi, su ɗura masa giris mai kauri, su mayar da robar, su goge jikinsa har ya yi ƙyalli, sannan su saka shi a kwali mai sunan babban kamfani. Wasu kuma sabo suke sayarwa amma na banzan ƙarfe, an buga masa SKF ko NSK ko Koyo ko Timken alhali kamfanin bai san da zamansa ba. Tallan yakan zo a Facebook ko WhatsApp da hoto mai kyau da araha mai ban mamaki, a ce maka ragowar kayan kamfani ne, ka turo kuɗi a aiko maka.

Abin da ya sa damfarar take ci shi ne giris mai kauri yana danne ƙara. Za ka ɗauki mota ka ji ta yi tsit, har ka sa wa mutumin albarka. Bayan 'yan makonni ƙugin ya dawo, ka kira shi ya ce ai ramukan hanya ne, ko bakanikenka ne bai iya sawa ba. Boris na gaske, idan an sa shi daidai, yakan wuce kilomita 100,000 bai ce uffan ba. Shi ne fa yake ɗauke da nauyin mota yayin da taya take juyawa. Idan cikinsa ya cinye sai ya ɗauki zafi, giris ya narke, ƙarfe ya ci ƙarfe, daga nan taya tana iya kafewa ko ta fice gaba ɗaya kana tsaka da gudu. Tun kafin a kai ga haka ma, rawar da taya take yi tana girgiza faifan birki, sai ka taka ka ji birkin ya yi nisa.

Wani reshen cutar kuma tun daga binciken ake fara shi. Akwai bakaniken da ko zagaye ɗaya bai yi da motar ba zai ce maka boris ne, duka biyun, kuma yana da wanda zai kawo yanzun nan. Sau da yawa tayar da ta cinye ta gefe ɗaya ce take wannan kuka. Saboda haka ka fara gwadawa da kanka. Ƙugin boris da gudun mota yake tafiya: yana ƙaruwa idan ka ƙara gudu, kuma ko ka cire giya ka bar injin yana sulo ba zai daina ba. A hanyar da babu kowa, ka ɗan karkata sitiyari hagu, ka dawo dama, a hankali. Idan ƙarar ta ƙaru lokacin da ka karkata hagu, galibi na dama ne ya lalace, domin a kansa nauyin motar ya koma. Ƙarar taya kuwa tana canzawa ne da irin kwaltar da kake kai, kuma idan ka shafa bayan tayar da tafin hannu za ka ji kaifi-kaifi kamar haƙoran zarto. Idan har yanzu kana shakka, a musanya tayoyin gaba da na baya a ga ko kukan zai bi tayar.

Sannan a ɗaga motar a gabanka, a tokare ta da kyau, kada a dogara da jak kaɗai. Ka riƙe taya ta sama da ƙasa ka girgiza. Ka ɗora hannu ɗaya a kan sifirin, ɗaya hannun ya juya tayar. Idan boris ya mutu za ka ji gurzar tana taso maka har cikin yatsu. Amma rashin rawa ba ya wanke shi, domin na motocin zamani yakan daɗe yana kuka kafin ya fara rawa.

Idan an tabbatar shi ne, kada kwali ya ruɗe ka, buga kwali ba wuya. Fito da kayan ka kalle shi a cikin haske. Na taɓa riƙe irin wannan wanki a hannuna: bayansa sumul, amma a bakin robar akwai 'yar lanƙwasa inda aka zura sukundireba aka ɗaga ta, cikin zoben kuma ga shatin inda ya taɓa zama a jikin wata motar. Da na juya shi a hankali sai na ji yana ɗan sarƙewa a wuri guda. Sabo yana juyawa ne sul, da ɗan nauyi, babu tsatsa, babu giris a waje. Lambar da ke jikinsa dole ta zo daidai da ta kwali. Jabun zamani wani lokacin ido ba ya kama shi, shi ya sa SKF ta fitar da manhajar SKF Authenticate inda ake tura hoton kaya su duba, ƙungiyar masu ƙera boris ta duniya ma tana da tata mai suna WBA Check. Mafi sauƙi dai ka saya a wajen dilan da kamfani ya amince da shi, ka karɓi rasit mai lambar kayan.

Ranar sawa ka tsaya a wurin. Akwai wanda zai karɓi sabon naka ya ɓoye, ya ƙara ɗaure noti a kan tsohon don rawar ta ragu, ya miƙo maka makulli. Ka ga an fito da tsohon da idonka, kuma ka tafi da abinka, don kada gobe a wanke shi a sayar wa wani bawan Allah. Kada ka yarda a shigar da sabon da guduma. Da injin matsi ake tura shi, domin duka yana lotsa hanyar da 'ya'yan boris suke bi, sai ya fara kuka tun yana sabo. Idan motarka tana da ABS, wato tsarin da yake hana taya kafewa idan an taka birki da ƙarfi, wasu boris ɗin suna da zoben maganaɗisu a fuska ɗaya, kuma wannan fuskar ce za ta kalli na'urar ABS ɗin da take karanta juyawar taya. Aka juya ta, fitilar ABS za ta kama a gabanka. Babban notin tsakiya kuwa a ɗaure shi da sifana mai awo, gwargwadon abin da kamfanin motar ya rubuta, kuma inda ya ce a sa sabon noti, a sa sabo.