SinoTrack ST-901: na'urar da ke cin ribar gaggawar ɓarawon babur

Ɓarawon babur da zarar ya tsere, sai ya cire lamba, ya ɓanɓare sitika, ya tura mashin ɗin wani gida kafin mai saye ya samu. Da wuya ya tsaya ya kwance murfin gefe ya bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya. Wannan sakacin shi ne amfanin SinoTrack ST-901, 'yar na'urar bin diddigi da ba ta cika tafin hannu ba, kuma ruwan sama bai dame ta ba.

Mai wayoyi huɗu ta fi dacewa da Boxer ko keke Napep: ja zuwa batir, baƙi zuwa bodi, ruwan lemo zuwa makulli, rawaya zuwa rile mai kashe inji. A saka mata layi mai kati da data, a yi mata rajistar lambar wayar mai mashin. Ka tura wa layin nata 6690000 ta tes, ta maido maka da wurin da mashin yake a taswirar Google. 9400000 na kashe inji, 9410000 na sake shi. Sifili huɗun ƙarshe lambar sirrin kamfani ce, kowa ya san ta, don haka a canza ta tun ranar farko.

Inda ta fi burgewa shi ne ɓarawon da ya hango waya ya fizge, yana ganin ya gama. Akwai ƙaramin batir a cikinta, nan take za ta aika saƙon cewa an yanke wuta. Wanda kuma ya kwana da mashin a zauren gidansu, manhajar SinoTrack ta wayar hannu za ta nuna hanyar da ya bi, lungu-lungu, da inda ya tsaya.

Tana da nata rauni. Da 2G take aiki, inda babu sabis shiru za ka ji. In aka manna ta ƙarƙashin tankin mai, ƙarfe zai tare mata tauraron ɗan'adam. Bayan roba ya fi. Wata matsalar ma daga layi ne: kati ya ƙare, ko an toshe shi saboda rashin haɗa NIN, mai shi bai sani ba sai ranar da aka yi satar. A riƙa gwada ta duk mako. Babur da aka ajiye makonni ba a tayar ba, tana iya shanye masa batir. Kuma kada a bari a haɗa ta a bakin titi kan idon jama'a.

Kada a kashe inji mashin yana gudu, ana iya halaka wanda bai ji ba bai gani ba. A jira ya tsaya. Kada kuma a bi taswira a faɗa gidan mutane. A tafi da 'yan sanda, riƙe da rasit da lambar shasi, domin lambar da ke baya tuni an jefar da ita.