WinSCP wajen tura fayil ga abokan aiki na waje, ga yadda na same ta

Masu editin bidiyo da masu haɗa lissafin albashi, kai duk wanda dai yake tura fayil mai muhimmanci ga mutumin da ba a ofis ɗinsu yake ba, ku gwada WinSCP, manhajar kwamfuta ta tura fayil. Kyauta ce, wani ɗan ƙasar Czech mai suna Martin Prikryl ne ya fito da ita tun 2000 kuma har yau ana sabunta ta.

Da SFTP, wato hanyar tura fayil mai tsaro, nake amfani a cikinta. A tsohuwar hanyar, wato FTP, fasuwod ɗinka a fili yake tafiya, wanda kuke kan wayifai ɗaya in ya san kan abin zai iya karantawa, shi kuwa SFTP ta cikin SSH, wata rufaffiyar hanyar haɗa kwamfutoci, yake bi a tashar 22, fasuwod da fayil duk a rufe suke har su isa saba, wato kwamfutar da ake ajiye fayilolin a kanta. In ka buɗe ta za ka ga allo ya rabu biyu, hagu kwamfutarka dama saba, ka ja fayil ka sake shi a ɗaya gefen shi ke nan.

Abin da ya fi burge ni wallahi shi ne in netwok ya yanke ko aka ɗauke wuta ana tsakiyar tura babban bidiyo ba sai ka koma farko ba, tana ajiye abin da ya riga ya tafi da suna mai .filepart a ƙarshe, in ka dawo ta ɗora daga inda ta tsaya, wanda ya san tsadar data ya san darajar wannan. Sai maganar makulli, wanda ake shiga saba da shi a madadin fasuwod. Ana haɗo ta da PuTTYgen, manhajar haɗa makulli, abokin aikinka ya haɗa makullinsa ya turo maka na fili ya riƙe na sirri a wajensa, ka buɗe masa folda tasa shi kaɗai. Ranar da kwangila ta ƙare ka cire makullinsa daga saba, sauran mutane ba sai sun canza komai ba.

Amma fa tana da nata matsalolin. A Windows kawai take aiki, mai Mac ko Linux sai ya nemi wata manhajar irinta, FileZilla. Kuma dole sai kuna da saba da wanda ya iya saita ta, ba irin ka tura link a danna ba ne. Karon farko da mutum zai shiga takan fito da gargaɗi a kan makullin sabar, yawancin mutane dannawa kawai suke su wuce, don Allah ku kira juna a waya ku kwatanta lambobin da gargaɗin ya nuna da na sabar tukuna. Sannan a hanya kawai take kare fayil, in ya sauka a kwamfutar da kowa ke taɓawa a shago to ba ruwanta, irin wannan ni nakan saka shi a 7-Zip, manhajar matse fayil, da fasuwod kafin in tura, fasuwod ɗin kuma in faɗa ta waya.