Kwana uku ina koyon tashi cikin ayari: horon ya ci kuɗinsa, amma da saura

A Zariya na tashi, kusa da Palladan, inda ƙananan jiragen kwalejin koyon tuƙin jirgin sama suke shawagi a kanmu tun da sassafe. Can sha'awar ta kama ni, amma sai da na daɗe ina aiki a Amurka na samu lasisin tuƙi. Yanzu mu huɗu ne muka haɗa kuɗi muka sayi wani tsohon ƙaramin jirgi, Cessna 172 ƙirar 1979. Burina in shiga ayarin jiragen da ke sauka tare a taron Oshkosh na jihar Wisconsin, wanda ake yi a ƙarshen Yuli, inda jirage kusan 10,000 suke haɗuwa. Masu shirya ayarin ba sa karɓar wanda bai yi horo ba. Shi ya sa na yi rajista da wata ƙungiyar matuƙa 'yan sa-kai da ke koyarwa a wani ƙaramin filin jirgi a tsakiyar gonakin masara.

Wurin ba wani abin kallo ba ne: rumfar ajiye jirage, kujerun roba, allo da shayi. Kuɗin rajista bai kai na man da na ƙona ba. Amma kowane ɗalibi an haɗa shi da gogaggen matuƙi da zai zauna a kujerar dama duk tsawon tashi, kuma wannan kaɗai ya isa a biya. Nawa wani dattijo ne, tsohon matuƙin jirgin soja, mai ƙarancin magana.

Da safiyar farko aka fara mana da haɗarin Dallas na ranar 12 ga Nuwamba 2022, lokacin da jirgin P-63 ya yi karo da B-17 a wajen baje kolin jirage, mutum shida suka rasu. Masu bincike sun gano cewa ba a tsara musu tazarar tsayi tun daga ƙasa ba. Daga nan malamin ya shiga doka: a Amurka ba a tashi cikin ayari sai da yarjejeniyar duk matuƙan da ke ciki, kuma ba a ɗaukar fasinjan haya. Hasumiyar kula da zirga-zirgar jirage tana ɗaukar ayarin a matsayin jirgi guda, muddin kowa yana cikin nisan mil ɗaya da bambancin tsayin ƙafa 100 daga jagora. Ni a raina madugu nake kiran jagoran, don aikinsa ke nan: shi ke duba hanya, shi ke magana da hasumiya, shi ke lura da yanayi. Ɗan rakiya kuwa, wato matuƙin da ke binsa, idonsa na kan madugu, ba ya ɗaukewa ko da na daƙiƙa biyu.

A nan matsalar take. Duk abin da aka koya mana a makarantar tuƙi game da larura, an gina shi a kan cewa kai kaɗai ne a sararin. Inji ya mutu, ka daidaita gudu, ka nemi fili, ka duba mai da wuta, ka yi kiran gaggawa a rediyo. To yanzu ga wani jirgi kusa da fiffikenka har kana iya ganin agogon hannun matuƙinsa.

Rana ta biyu muna ƙafa 4,500, ina gefen damar madugu, sai dattijon ya miƙa hannu ya janye totur ba tare da ya ce uffan ba. Ƙarar inji ta faɗi, jirgin madugu ya fara yi mini nisa. Hannuna ya nufi agogunan inji, idona ma ya bi shi. Sai na ji muryarsa a kunnena: "Fita tukuna." Na karkata dama na rabu da ayarin, sannan na saita gudu a kan not 65 (not ma'aunin gudun jirgi ne), wanda shi ne gudun da wannan ƙirar ta fi yin nisa da shi in babu inji, na ja maɓallin ɗumama kafireta, na yi kira. Madugu ya amsa da gajeriyar magana, ya miƙa mini jagoranci, ya koma bayana ta gefe, sama da ni kaɗan. Ƙa'idar ke nan: mai larura shi ake ba gaba, don ya samu sarari ya ji da jirginsa ba tare da tunanin wani ba. Akwai kuma wani ƙaramin abu da na manta, dattijon ya nuna mini da yatsa. A cikin ayari na'urar da ke nuna jirgi a rada ta madugu ce kaɗai take aiki, ta sauran tana jiran ko-ta-kwana. Idan ka rabu, sai ka kunna taka kafin lambar larura ta 7700 da ake sa mata ta yi maka wani amfani.

Darasin da ya fi shiga jikina shi ne da aka juya, na zama mai rakiyar wanda injinsa "ya mutu". Ina ganinsa yana gangarowa sai tausayi ya kama ni, na shiga ba shi shawara ta rediyo: ga fili can hagu, ka duba tankin mai, iska daga yamma take. Da muka sauka, matuƙin, wata mata ce likitar dabbobi, ta ce mini cikin ladabi sau biyu ta so yin kira ta tarar na toshe layin. Dattijon ya ɗora da cewa aikin ɗan rakiya shi ne ya ba da wuri, ya yi shiru, ya amsa idan an tambaye shi. Idan ta nema, ya karanta mata jerin matakai, ko ya kira 121.5, tashar gaggawa ta rediyo, a madadinta, ko ya duba mata ƙasan jirgi ta waje ko akwai yoyon mai ko hayaƙi. Idan ta sauka a gona, ya yi ta kewaya sama yana ba masu ceto kwatance har mansa ya kai iyakar da aka yanka. Kuma kada ya bi ta ƙasa-ƙasa yana kallo, domin wanda ya rage gudu ya kafa ido a kan wani jirgi, nasa jirgin na iya kufce masa, a wayi gari haɗari ɗaya ya zama biyu. Wannan magana ta yi mini nauyi. Mu mun taso ne a kan cewa in ɗan'uwanka ya shiga uku, ka yi ta magana har ya ji kana tare da shi. A can sama, shirun ne taimakon.

Sun kuma nace a kan ɓacewar gani. Cessna fiffikensa a sama yake, da ka karkata sai ya rufe maka ɓangaren da kake juyawa. Idan madugu ya ɓace maka, ba lalube za ka yi ba. Ka kauce daga inda ka gan shi na ƙarshe, ka faɗa a rediyo tare da tsayinka, shi kuma ya raba ku da tsayi kafin a sake haɗuwa. Kowa a ayarin, ko sabon shiga ne, yana da ikon cewa "knock it off", wato a dakatar da komai. Na ga wani ɗalibi ya faɗe ta don rana ta kashe masa ido, ba wanda ya ɗaga masa gira da aka sauko.

Inda ban gamsu ba shi ne rabon lokaci. Kusan kwana biyu da rabi sun tafi a kan riƙe matsayi da sauya gefe da sake haɗuwa, larura kuwa tashi biyu kacal ta samu. Alamun hannu na lokacin da rediyo ta mutu, a kan allo kawai aka yi su: ka ɗaga dunƙulen hannu, sannan yatsa ɗaya matsalar haidirolik, biyu lantarki, uku mai, huɗu iskar shaƙa, biyar inji. Na haddace su a zaune, amma ban taɓa gwada karanta yatsun wani ta gilashi mai ƙyalli ba, jirgi na rawa. Haka ma fasa tashi idan jirage biyu sun taso tare a titi: an gaya mana layin tsakiya tamkar katanga ne, kowa ya tsaya a ɓangarensa komai ya faru, amma ba a sa mu mun yi ba ko sau ɗaya. Na rubuta wannan a takardar ra'ayi, na kuma faɗa wa dattijon baki da baki. Ya ce gaskiya ne, yawan ɗalibai ne ya cinye lokacin.

Wanda bai saba da jirginsa sosai ba, ina ganin ya dakata tukuna, don a nan babu damar sunkuyawa neman maɓalli. Wanda ya saba kuwa ya je, ko da ba shi da niyyar zuwa Oshkosh. Ni dai na sake yin rajista na watan Mayu, kuma na riga na nemi a ware mini tashi guda da za a kashe rediyo tun daga sama har sauka. Likitar dabbobin ta yarda za ta zama maduguna.