GSU ko Kashere? Ni dai GSU zan ce

Hajiya, in dai tsakanin jami'ar jihar Gombe, wato GSU, da ta tarayya da ke Kashere ne kike wa yarinyar nan zaɓi, ki kai ta GSU kawai, ba sai kin wahalar da kanki da dogon tunani ba.

Lokacin da Gwamna Danjuma Goje ya kafa ta a 2004 wasu raina ta suka yi, wai jihar da aka cire daga Bauchi a 1996 ina ta ga ƙarfin riƙe jami'a, don a da yaranmu sai dai su nufi Bauchi ko Maiduguri ko Zariya. To sai aka ɗauko Farfesa Abdullahi Mahadi, wanda ya taɓa shugabantar jami'ar ABU ta Zariya, aka damƙa masa ita, mutumin nan ya dinga dasa bishiyoyi kamar ba gobe, yau in kin shiga makarantar a Tudun Wada da tsakar ranar bazara sai ki rantse ba a Gombe kike ba, har gidan zoo akwai a ciki. Ga likitanci ga haɗa magunguna duk an zo an buɗe daga baya.

Ƙanwata can ta yi, daga gida take zuwa, Keke Napep ɗaya ta isa bakin get. Ranar da zazzaɓi ya kayar da ita ana tsaka da jarabawa, kafin la'asar mama ta kai mata kunun tsamiya a fulas har ƙarƙashin bishiyar da suke karatu, ta sha ta haɗiyi magani ta shiga ta rubuta. Wallahi ga 'ya mace wannan kusancin ba ƙaramin abu ba ne.

Kashere ita ma ba laifi, ta tarayya ce, a 2011 aka kafa ta zamanin Jonathan, amma tana can ƙaramar hukumar Akko, sai kin yi lissafin kuɗin mota da na ɗaki.

Sannan don Allah ki yi hattara da masu cewa suna da hanya a ciki, a turo kuɗi su samo admishan. Ƙarya ce, sunan da bai fito a CAPS ba, wato shafin da JAMB ke ba da admishan ta cikinsa, babu shi, ko an ba ki takarda mai tambari. Kuɗin makaranta ma kar ki tura asusun wani ɗan kafe, ku zauna ke da ita ku biya ta shafin makarantar, ku ajiye rasit.