Sharhi kan fayafan Capriccio: konceton fiyano biyar na Pancho Vladigerov

Kamfanin Capriccio na birnin Biyana ya fitar da wannan kunshi a 2020, fayafan CD 3 ɗauke da dukkan konceton fiyano biyar da Pancho Vladigerov, mai tsara kiɗa ɗan Bulgeriya, ya rubuta. Ba sabon ɗauka ba ne. Tsofaffin ɗauka ne na kamfanin gwamnatin Bulgeriya, Balkanton, akasarinsu na shekarun 1970, aka sake gyara sautinsu. Ƙungiyar makaɗan Rediyon Ƙasa ta Bulgeriya ce ta yi kiɗan, jagoranta kuma Alexander Vladigerov, ɗan Pancho na cikinsa. Ya cancanci a saya, amma sai mutum ya san ta inda zai shige shi, kuma ya san irin sautin da zai tarar.

Ga wanda bai saba ba, konceto kiɗa ne da kayan kiɗa guda, a nan fiyano, ke ja gaba, babbar ƙungiyar makaɗa kuma tana amsa masa, wani lokaci ta danne shi, wani lokaci ta yi shiru ta bar masa fili. Kowanne cikin biyar ɗin nan kashi uku ne: na farko mai nauyi, na tsakiya a hankali, na ƙarshe da sauri.

An haifi Vladigerov a Zurich ranar 13 ga Maris 1899, ya tashi a garin Shumen, ya rasu a Sofiya ranar 8 ga Satumba 1978. A 1912 ya tafi Berlin karatu tare da tagwaininsa Lyuben, mai kaɗa gogen Turawa. Daga 1920 zuwa 1932 ya yi wa darakta Max Reinhardt kiɗan wasan kwaikwayo a dandamalin Deutsches Theater na Berlin, sannan ya koma gida ya koyar a makarantar kiɗa ta ƙasa da ke Sofiya, wadda yau take ɗauke da sunansa. Wannan tarihi ana jin sa a fayafan, domin konceton sun ratsa shekara 45 na rayuwarsa: na ɗaya 1918, na biyu 1930, na uku 1937, na huɗu 1953, na biyar 1963.

Kuskuren da masu saya ke yi shi ne farawa da na ɗaya saboda shi ne a gaba. Yana da shekara 19 ya rubuta shi, a shekarar da ya fara cin kyautar kiɗa ta Mendelssohn, kuma ƙuruciya ta fito a ciki: dogo ne, cike yake maƙil, inuwar manyan makaɗan Rasha da Jamus ta rufe shi. Teodor Moussev ya kaɗa shi da ƙarfi da gaskiya, amma wanda ya fara da shi zai ɗauka Vladigerov mai kwaikwayo ne kawai, ya ajiye kunshin.

A fara da na uku, wanda aka rubuta Op. 31 a bayan kwalin. Bai kai rabin awa ba, kuma babu ɓarnar lokaci a cikinsa. Ivan Drenikov, ɗalibin Vladigerov, shi ya kaɗa shi, kuma nan ne darajar kunshin take. A kasa kunne ga hannunsa na hagu a kashi na farko: yana buga sautuka masu kauri da yatsu huɗu ko biyar a tare, amma kowanne na fita daban, ba ya barin fedar ƙafa ta cakuɗa su. Vladigerov na rubuta wa fiyano da cika, kuma makaɗin da ya danne feda fiye da kima sai komai ya zama ƙugi ɗaya. A kashi na tsakiya Drenikov ba ya jan waƙar har ta yi sanyi; yana barin ƙananan lanƙwasar sauti, irin ta mawaƙan ƙauyen Bulgeriya, su wuce da sauƙi kamar numfashi. Kashi na ƙarshe kuwa rawa ce tsantsa, kuma ƙungiyar makaɗan ba ta tuntuɓe.

Wannan rashin tuntuɓe ba ƙaramin abu ba ne. Kiɗan gargajiyar Bulgeriya na da ƙirga marasa daidaito: rawar racenitsa bugu 7 ce da ake rabawa 2, 2, 3, rawar faidushko kuma bugu 5 ce, 2 da 3. Ko inda Vladigerov ya yi rubutu da ƙirga daidaitacciya, yakan karkatar da nauyin bugu zuwa inda kunne bai zata ba. Makaɗan da ba su tashi da wannan ba sukan ƙirga a zuci, sai bugun mai tsawo ya fito a sandare ko a gaggauce. Waɗannan makaɗan a jikinsu abin yake.

Bayan na uku sai na biyu, wanda Krassimir Gatev ya kaɗa. Aikin shekarun Vladigerov na ƙarshe ne a Berlin, kuma ana jin hannun mutumin da ya daɗe yana yi wa dandamali kiɗa. Na huɗu, shi ma Drenikov, ya fi sauran haske da sauƙin shiga kunne, ko da yake bai kai na uku zama a zuciya ba.

Na biyar kuwa Vladigerov ne da kansa a kan fiyano, ɗansa na jagoranci. Hannun dattijo ne, ba shi da ƙyallin na Drenikov a wuraren gudu. Amma duk ɗalibin fiyano da ke son sanin saurin da mai kiɗan ke nufi, da inda yake jan numfashi kafin waƙa ta dawo, a nan zai ji daga tushe. Wannan kaɗai ya isa dalilin mallakar kunshin.

Sai batun sauti, kuma gara a faɗi gaskiya. Ɗaukan zamanin tef ne. A wuraren da kiɗa ya yi ƙasa ana jin ɗan huci a bayansa. An kusantar da makirfo ga fiyano, don haka ya fi girman da zai yi a zaure, yana kuma rufe sarewa da sauran kayan busa na itace. Idan ƙungiyar ta taso gaba ɗaya, kakaki da gogen sama kan yi kaifi, sautin ya matse. Ƙara murya ba ya magance wannan, ƙara shi yake yi. Abin da ke aiki shi ne a daidaita murya a kan wurin da ya fi ƙara, ba a kan farkon kiɗan ba, a ɗan rage sautin sama idan na'urar na da maɓallinsa, a kuma kashe duk wani tsarin ƙara ƙugi. Lasifikar waya na zubar da hannun hagu gaba ɗaya, shi ne kuwa rabin kiɗan. A yi amfani da lasifika biyu ko abin saurare mai rufe kunne. Tun da ba a zama ɗaya aka ɗauki biyar ɗin ba, ƙarfin murya na ɗan bambanta daga wannan zuwa wancan, sai an sake daidaitawa.

Mai nema a intanet ya gwada rubutun sunan iri biyu, Vladigerov da Wladigeroff, domin tsofaffin wallafe-wallafen Jamus da na biyun suke amfani. A duba sunan jagora da na makaɗan fiyano kafin a biya kuɗi, saboda Capriccio na da wasu kunshin nasa masu kama da wannan, na kiɗan ƙungiya da na goge. Wanda kuma sabon sauti tsaf yake so, ba tare da ƙungiya ba, ya nemi faifan Nadejda Vlaeva na kamfanin Hyperion, na kiɗan fiyano zalla.