Ƙaramin DAC da na saya a Garwa: ya gyara sauti, ya kuma ƙona min sifika

Duk wanda ya sayi talabijin mai faɗi a 'yan shekarun nan ya san abin da nake nufi. Ka leƙa bayanta, babu ramukan nan ja da fari da za ka haɗa tsohuwar amfilifayarka, sai wani ɗan rami da jar wuta ke haskawa a ciki. Oftikal ke nan. Sauti yana fita ta nan a matsayin lambobi, amfilifaya irin ta da kuwa ba ta karɓar lambobi, sai an mayar mata da su sautin da za ta iya ƙara wa ƙarfi. Aikin DAC ke nan.

Amfilifayata 'yar Japan ce, ta marigayi mahaifina, da sifikokinta biyu na katako, kuma ba ni da niyyar rabuwa da su. Shi ya sa na sayi ɗan baƙin akwatin DAC ɗin nan mai shiga tafin hannu, wanda ya cika shagunan kayan wuta a babbar kasuwar Garwa ta Kamaru. Kun san shi, kun san kuɗinsa.

Gaskiya daren farko na ji daɗi ƙwarai. Na sa karatun Alƙur'ani, har jan numfashin mai karatu nake ji tsakanin aya da aya. Na sa kiɗan gargajiya, kalangu ya fito daga dama, goge daga hagu, kowanne a wurinsa, ba kamar sifikar talabijin da ke cakuɗa komai wuri ɗaya ba. Uwargida ta fito daga ɗaki tana tambaya ko sabuwar rediyo na sayo. A lokacin da an ce in ba shi maki, da na ba shi duka.

Sai ranar da aka yi ƙwallo. Maƙwabta sun taru a falo, na ɗaga muryar amfilifaya yadda kowa zai ji, yarona ya ɗauki rimot ɗin dikoda ya koma tashar wasanni. Wallahi ban taɓa jin ƙara irin wannan a cikin gida ba. Wani shuuu ne mai tsaga kunne, kamar an zuba ruwa a tafasasshen mai, ba ya tsayawa. Jaririya ta farka tana tsala ihu. Yaron yana ta danna rage murya a rimot ɗin talabijin, ko gezau, domin rimot ba ya da iko da abin da ke fita ta oftikal, kuma akwatin ba shi da maɓallin murya nasa. Kafin in tsallake mutane in kai hannu ga amfilifaya, ƙaramar sifikar sama ta ɓangaren hagu ta mutu. Na kai hancina kusa da ita, ƙaurin ƙonewa ne kawai ke fita.

Washegari na ɗauke ta zuwa wurin wani mai gyara a unguwar Yelwa. Ko buɗe ta bai yi ba ya ce, "Kawu, Dolby ce ta cinye ta." Ya yi min bayani dalla-dalla. Wasu tashoshin suna aiko da sautinsu a dunƙule, Dolby Digital, wanda aka shirya don sifika biyar da ta ƙasa ɗaya. Waɗannan ƙananan akwatunan kuwa PCM, wato sautin da ba a dunƙule ba, mai hagu da dama kaɗai suke karantawa. Idan Dolby ta shigo, wasu sukan yi shiru, wasu kuma su tura ta haka nan a matsayin hayaniya, ita kuma siririyar wayar da aka naɗe a cikin ƙaramar sifika ba ta jure irin wannan ƙara da ƙarfi. Maganin? A shiga saitin talabijin da na dikoda, sashen sauti, a ɗauke shi daga Auto a sa PCM. Aikin minti ɗaya.

Abin da ya fi ƙona min rai ke nan, minti ɗaya. Mai shagon ya gan ni, na gaya masa da dikoda zan yi amfani, na gaya masa sifikokin gado ne, bai ce min uffan ba. Takardar da ke cikin kwalin da Sinanci da Turanci aka rubuta ta, ko layi ɗaya na Faransanci babu. Da na koma masa sai cewa ya yi, "Alhaji, ka yi haƙuri, ba wanda ya taɓa dawo min da shi." Haƙurin zai tayar min da sifika?

Tun da na gyara saitin ƙarar ba ta sake dawowa ba, sautin kuma yana nan da kyansa, ba zan ci haƙƙinsa ba. Amma da na zauna na natsu sai wasu abubuwan suka fito. Idan na ba shi wuta daga ramin USB na talabijin, akwai wani gunji ƙasa-ƙasa da ake ji da dare in gari ya yi tsit. Sai da na nemo masa caja mai kyau ta bolt 5 sannan ya ɓace. Lambobin da aka buga a kwali da manyan baƙaƙe, bit 24 da kHz 192, masu nuna iyakar ingancin sautin da akwatin zai iya karɓa, kada su ruɗe ku. Talabijin a kHz 48 take ba da sauti, faifan CD kuma bit 16 ne a kHz 44.1. Waƙoƙin da masu turi ke loda mana a memori, da waɗanda suka sha yawo a WhatsApp, yadda suka shiga haka suke fita, har ma ɓarakarsu ta fi fitowa fili.

Mai gyaran ya sa min wata ƙaramar sifika, amma ba 'yar uwar ta dama ba ce, kunnena yana jin bambancin kullum. Na ba wani ɗan'uwa mai zuwa Kano sautun ya duba min irinta ta asali. In za ku sayi akwatin nan, ku saya, sai dai ku sa PCM tun kafin ku haɗa waya, ku kuma fara da murya ƙasa. Mai hali ya ƙara kuɗi ya nemi wanda ke karanta Dolby, mai maɓallin murya a jikinsa. Shagon nan kuwa na daina shigarsa.