Kafin ka sayi littafin koyon Girkanci, saurari yadda yake furta β da η

Haruffan Girkanci 24 ne, kuma tun da Atina ta karɓi wannan jeri a hukumance a shekara ta 403 kafin haihuwar Annabi Isa, siffar manyan haruffan ba ta canza sosai ba. Abin da ya canza shi ne bakin masu karanta su. Shi ya sa za ka tarar da littattafai biyu a kanti ɗaya, haruffa iri ɗaya, amma kowanne da furucin da yake koyarwa.

Gwajin da nake ba mai saye shi ne kukan tunkiya. Wani marubucin wasan kwaikwayo na tsohuwar Atina, Kiratinus, ya rubuta kukanta da βῆ βῆ. A bakin mutanen zamaninsa "bee bee" ne, kamar yadda kowace tunkiya ke yi. Ɗan Girka na yau kuwa "vi vi" zai karanta. To, ka buɗe sautin da ke tare da littafin ko darasin intanet, ka ji wanne ya faɗa.

In ka ji "vi", furucin zamani ne. Shi ne na mai shirin zuwa Girka ko Saifurus, kuma da shi cocin Otodoks ke karanta tsofaffin nassosi. Wanda ya yi karatun allo ba zai sha wuya ba, domin θ kamar ث take fita, δ kamar ذ, γ kuma sau da yawa kusa da غ. Wahalarsa a rubutu take: η, ι, υ, ει da οι duk sun koma "i". Kalmar "mu" da kalmar "ku" a tsohon yaren, ἡμεῖς da ὑμεῖς, sun zama sauti ɗaya, "imis". Ɗalibi na rubuta shifta sai ya rasa wacce aka ce.

In ka ji "b", galibi tsarin Irasmus ne, malamin nan ɗan Holan da ya wallafa bayaninsa a 1528. Kusan kowane harafi da sautinsa, don haka hadda da rubutu suna zuwa da sauƙi. Yawancin littattafan koyon Girkancin Sabon Alkawari da ke fitowa daga Amurka da Ingila a kansa suke. Sai dai yadda ake koyar da shi yau gauraye ne, babu zamanin da Girkawa suka yi magana haka. In makarantarka da shi take jarrabawa, saye shi, kada ka ja da malaminka.

Akwai kuma darussan da ke ƙoƙarin maido da furucin ƙarni na farko bayan haihuwar Annabi Isa, tsaka-tsaki tsakanin biyun. Suna da kyau, amma malamansu kaɗan ne.

Wanda ya fi kwanta mini a rai shi ne furucin Atina na dā da masana suka sake ginawa, irin wanda Sidney Allen, masanin harsuna ɗan Ingila, ya tattara hujjojinsa a 1968. Yana da dogon wasali da gajere, yana kuma da karin sauti mai hawa da sauka. Bature na fama da wannan, amma Bahaushen da ya iya bambanta gari na zama da gari na tuwo, kunnensa a shirye yake tun daga gida. Ga mai son waƙoƙin Homa, mawaƙin Girkawa na dā, da rubutun Aflatun, nan zan ce ya sa kuɗinsa, da sharaɗin littafin ya zo da sautin da aka naɗa, domin karin sauti ba ya koyuwa daga takarda.